Yadda na daina asara a gwanjon intanet

Bara na ci gwanjon wayar hannu a wani shafin Faransa kan yuro 90, amma kafin ta iso Garwa kuɗin aikawa da na kwastan sun sa ta fi ta kasuwa tsada, abin da ya ƙona mini rai ƙwarai. Da na bi sawu, na gane lissafina ne ya gaza. Yanzu kafin in taya, nakan lissafa kowane yuro a kan sefa 656, tunda canjin ba ya motsi, in haɗa da sauran kuɗaɗen, sannan in rubuta iyakata a takarda. Wannan adadin nake ba shafin ya riƙa tayawa a madadina, kuma ba na ƙara ko sisi idan aka wuce shi.