Darasi Na Bakwai: Waƙar Haiku Da Kundayen Tsofaffin Waƙoƙin Japan

Haiku gajeriyar rubutacciyar waƙa ce ta mutanen Japan, wadda ba ta wuce ɗango uku. Ɗango na farko yana ɗauke da gaɓa 5, na biyu 7, na uku kuma 5. A ƙidayarsu ana lissafa dogon wasali a matsayin biyu, don haka duk wanda ya san yadda marubuta waƙoƙin Hausa suke bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi ba zai sha wahalar fahimtar wannan tsari ba. Bisa al'ada, ana sanya wata kalma da za ta nuna lokacin shekara, kamar furen ceri ko dusar ƙanƙara, kuma sunan irin wannan kalma kigo.

Matsuo Basho, wanda ya rayu daga 1644 zuwa 1694, shi ne ya ɗaukaka darajar wannan waƙa. Bayansa aka yi Yosa Buson, wanda mai zane ne kuma, da Kobayashi Issa, sannan Masaoka Shiki, wanda ya rasu a 1902, ya tabbatar da ita a matsayin waƙa mai zaman kanta. Kafin haka baitin buɗewa ce ta wata doguwar waƙa mai suna renga, wadda mawaƙa da yawa suke zama su tsara tare, wannan ya kawo baiti, wancan ya ɗora nasa.

Wannan asali na tarayya shi ne abin da ya fi dacewa ɗalibi ya riƙe, domin har yau Japanawa suna yin taron da suke kira kukai. Kowa yakan miƙa waƙarsa ba tare da suna ba, a sake kwafe su da wani hannu don kada a gane rubutun kowa, sannan mahalarta su zaɓi waɗanda suka fi so. Sai an karanta waƙar da aka zaɓa a bainar jama'a mai ita yake bayyana kansa. Tsari ne na adalci ƙwarai, saboda malami da sabon shiga duk ana auna su da ma'auni ɗaya.

Mai neman tushen waƙar Japan ya nemi kundaye uku. Man'yoshu, wanda aka harhaɗa a ƙarni na 8, yana da waƙoƙi kusan 4,500, kuma a cikinsa akwai muryoyin sarakuna da na sojojin da suke tsaron iyaka. Kokinshu an tattara shi bisa umarnin sarki wajajen shekarar 905. Na ukun, Hyakunin Isshu, wanda Fujiwara no Teika ya zaɓo a ƙarni na 13, waƙa 100 ce ta mawaƙa 100, kuma shi ya fi sauƙi ga mai farawa. Yawancin waƙoƙin waɗannan kundaye tanka ne masu ɗango biyar, waɗanda suka girmi haiku da shekaru aru-aru. A rubuta sunayen nan a takarda a nuna wa ma'aikacin laburare, ko a bincika su a intanet, inda ake samun fassararsu da Ingilishi.

Aikin aji: kowane ɗalibi ya rubuta haiku ɗaya da Hausa a kan damina, kaka, hunturu ko bazara, ya miƙa wa malami ba tare da suna ba. Malami ya kwafe su a allo, sannan kowa ya zaɓi guda biyu, ban da tasa, ya faɗi dalilinsa.