Karɓar baƙi ranar Thanksgiving a Amurka

Da watan Nuwamba ya kama, abokan aiki za su fara tambayarku inda za ku ci Thanksgiving. Ranar godiya ke nan, Alhamis ta huɗu a watan, wadda Shugaba Abraham Lincoln ya ayyana wa ƙasa baki ɗaya a 1863. Ni dai ba na wasa da ita, domin a nan Sallah kan faɗo ranar aiki, ana idar da Idi kowa ya kama gabansa. Wannan Alhamis kuwa makarantu da yawancin ofisoshi a rufe suke, ita ce ranar da za ku iya tara jama'a a zauna a natse.

Talo-talo shi ne uban tafiya. Ku je wurin mahaucin halal mako biyu kafin ranar ku ajiye naku, don ƙarewa yake yi. Ana lissafa laba ɗaya zuwa ɗaya da rabi ga kowane baƙo, ke nan mai laba 15, kusan kilo 7, zai ishi mutum goma. Idan daskararre ne, kowace laba 4 zuwa 5 tana bukatar kwana guda a firji kafin ta saki. Shekarata ta farko daren Laraba na sayo shi, gari ya waye yana nan kamar dutse, ranar sai kaji baƙina suka ci. Tun Lahadi za ku sa shi a firji. Ku kuma zura hannu cikinsa ku zaro wuya da ƙunshin hanta da ƙundu da ake cusawa ciki.

Namansa ba shi da ɗanɗanon kazar gida, sai an taimaka masa. Ku kirɓa citta, tafarnuwa, kanumfari, attaruhu da gishiri, ku cusa ƙarƙashin fata ya kwana. Gashi a 325 na ma'aunin Fahrenheit, wajen awa huɗu. Kada ku yarda da jan fata; ku soka ma'aunin zafi a kaurin cinya, sai ma'aunin ya kai 165 sannan naman ya nuna.

Sauran kuwa ku yi irin namu. Lokacin kabewa ne, ko'ina tana jibge, miyar taushe da masa sun samu wuri. A ƙara dafa-duka da zoɓo. Amma ku sanar da baƙi duk abin da gyaɗa ta shiga, har yajin ƙuli, domin akwai yaran da ɗanɗanawa kaɗai ke kai su asibiti.

Maƙwabta Amurkawa za su tambaya me za su kawo. Al'adarsu ce, ku karɓa, kuma ku faɗa musu tun wuri, cikin fara'a, cewa ban da naman alade da giya, don sukan sa alade a cushen burodi da koren wake, giya kuma a romo. Idan kun ce ƙarfe biyu, ƙarfe biyun za su buga ƙofa. Biyun ta fi, tunda a New York kusan huɗu da rabi ake Magariba a ƙarshen Nuwamba.

Kafin ku rufe lissafin baƙi, ku tambayi liman ko shugaban ƙungiyarku ko akwai ɗalibai da gwauraye da ba su da kowa. Ɗakunan kwanan jami'a kan zama wayam a makon nan, kuma da yawansu kunya ba za ta bari su ce a gayyace su ba.