Daga Damagaram zuwa bakin teku: yadda za ka shirya tafiyar hawan igiyar ruwa

Na san wani zai yi dariya, wai mutumin garin da ake rububin ƴan garuwa shi ne zai hau igiyar teku kan allo. To ana yi, kuma ba sai an je tsibirin Bali na Indonesiya ba, Dakar ta ishe mu. Gana ma akwai Busua da Kokrobite amma can sai ka canji kuɗi zuwa sidi ga Turancin Ingilishi, Senegal kuwa sefa ɗinka na aljihu shi za ka kashe, faransancin lakwal ɗin nan naka ma zai yi maka aiki.

Kafin zancen tikiti, ka iya iyo? Ba irin na gulbi da damana ba, ko wankan tafkin Gidimuni da ƙafarka na taɓa ƙasa. Teku yana da wani ruwa mai ja da ke kwasar mutum ya yi ciki da shi, in ya kama ka kar ka ce sai ka yi kokawa da shi ka koma gaɓa kai tsaye, ƙarfinka zai ƙare a banza, ka yi iyo ta gefe kana bin tsawon gaɓar har ka fita daga cikinsa sannan ka juyo. In ba ka iya iyo ba wallahi ɗan uwa ka fara koyo tukun.

Takardu: fasfo da karnen allurar shawara. Tunda Nijar ta fita daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma CEDEAO a Janairun 2025 ni dai ba zan dogara da katin ɗan ƙasa kaɗai ba. Hanya kuma ka san ta, a motar kar daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900, Tasawa, Maraɗi, Ƙwanni, Dogon Dutsi, Doso, wuni guda cur, don haka kar ka sa jirginka a ranar da za ka isa. Daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai za ka iya bin jirgin ASKY ta Lome ko Air Côte d'Ivoire ta Abijan. Filin Blaise Diagne da za ka sauka ba cikin Dakar yake ba, akwai wajen kilomita 50, ka ware kuɗin taksi.

Lokaci shi ne inda mutane ke ruɗewa. Sun ji an ce ƙasar zafi sai su ɗauka ruwan ma da ɗumi kullum. Daga Nuwamba zuwa Maris ne manyan igiyoyi ke zuwa daga arewa, lokacin ƙwararru ke cika wurin, amma ruwan na sanyi sosai musamman Fabrairu da Maris, dole sai da rigar roba mai kama jiki. Yuni zuwa Oktoba ruwan ya yi ɗumi, gajeren wando da riga sun isa.

A cikin wuraren hawa na Dakar, sabon shiga ya nufi Yoff, ƙasan ruwan rairayi ne kuma ga masu koyarwa nan bakin gaɓa. Ngor da kake gani a bidiyo, wadda ake shiga kwalekwale a tsallaka tsibirinta, duwatsu ne a ƙasa da bushiyar teku mai ƙaya, ka taka guda hutunka ya ƙare. Ouakam ma haka, ka je ka yi sallah a masallacin da ke bakin ruwan ka kalli gwanaye kawai. Af, Yoff unguwar mabiya ɗariƙar Layen ce, hubbaren Seydina Limamou Laye na nan bakin teku, a kiyaye sutura in an fito daga ruwa, maza da mata.

Kar ka sayi allo, ɗaukarsa a jirgi kuɗi ne daban. Ka yi haya can, babba mai laushi irin na soso, ka duba igiyar da ake ɗaurawa a ƙafa ba ta tsinke ba. Ka yi ciniki da mai koyarwa na kwanaki a haɗe, ya fi sauƙi da biyan kullum, kuma ka nemi darasin safe kafin iska ta taso ta ɓata ruwan.