Ƙyanda ta shigo gida: abin da za ki yi tun daga ranar farko har bayan ƙurajen sun bushe

Ƴan uwana iyaye mata, lokacin zafi ya matso, kuma kun san daga Fabrairu zuwa Mayu ne ƙyanda ta fi yawo a nan Maradi. Bara ɗan ƙanwata ya yi ta a Bagalam, ƙuraje suka bushe muka ce alhamdulillahi an wuce wurin, ashe da sauran aiki, wata uku yaron nan yana fama, yau gudawa gobe tari jibi kunne na ruwa, har wuyanshi ya zama kamar sillen kara. Sai da wata malamar asibiti ta zaunar da mu ta yi muna bayani sannan na gane.

Ƙyanda birus ce, wato wata ƴar mitsitsiyar ƙwayar cuta, kuma birus ba ta iya haihuwa da kanta, dole sai ta shiga cikin ƙwayar halittar mutum ta mayar da ita wurin buga ƴaƴanta. A jikinta akwai wani abu kamar makulli, ƙwayar da ƙofarta ta dace da makullin nan ita take buɗewa ta zuba saƙonta ciki, ƙwayar ta bar aikinta ta koma ƙera sabbin birus. To abin tsoron shi ne makullin ƙyanda ƙofar sojojin jiki yake buɗewa, wato fararen ƙwayoyin jini. Yaro ya shaƙe ta, masu gadin huhu su taso su kama ta, sai ta shige cikinsu su ɗauke ta da kansu zuwa kaluluwa, can ta samu sojojin da ke riƙe da tarihin duk cutar da yaron ya taɓa yi ta yi musu ɓarna. Binciken da aka fitar a 2019 ya nuna tana iya share kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na kariyar da jiki ya tara. Jiki ya mance abokan gabanshi kenan.

Saboda haka kar ki jira ƙuraje. Zazzaɓi mai zafi, majina, tari, ido ya yi ja yana hawaye yaro na gudun haske, ki buɗe bakinshi ki duba cikin kumatu, in kin ga ƴan fararen ɗigo kamar an barbaɗa gishiri to ki ɗauki karnenshi, wato katin asibitinshi, ku tahi likita ranar. Ƙurajen sai bayan kwana 3 ko 4 suke fitowa, daga fuska da bayan kunne su gangaro.

A can ki tabbatar an ba shi bitamin A, ɗaya ranar ɗaya washegari, shuɗin ƙwayar bitamin ɗin na ɗan wata 6 zuwa 11 ne jan kuma na wanda ya cika shekara. Shi ke kare ido, ƙyanda na makantar da yara wallahi. Don Allah ki bar sayen kafso wurin mai tallar magani a tire, amoksisilin ba ya kashe birus, likita ne zai rubuta shi in ciwon huhu ko na kunne ya biyo baya. Farasitamol don zazzaɓi, banda asfirin.

A gida kuma nan muke kuskure, kuma na san da kyakkyawar niyya iyayenmu ke yi. A kulle yaro a ɗaki a lulluɓe shi da bargo wai don ta fito, a hana shi wanka, a hana shi ƙwai da nama. Jikin da ke yaƙi da me zai ƙera sabbin sojoji in an hana shi abinci? Ki ci gaba da ba shi nono, kunu da ƙuli ko madara, ƙwai, wake, zogale, kaɗan kaɗan sau da yawa don bakin na mishi ciwo. In gudawa ta zo ki haɗa mishi ruwan gishiri da sukari na asibiti. Ki goge idon da tsumma mai tsabta da ruwan da aka tafasa ya huce, kar a sa kwalli ko wani tsimi.

Ki raba shi da sauran yara har kwana 4 bayan fitowar ƙuraje, mai ciki da jariri kar su shigo ɗakin, birus ɗin na iya zama cikin iska har awa 2 bayan mai ita ya fita. In numfashi ya yi sauri haƙarƙari na shiga ciki, ko ya kasa shan nono, ko jijjiga, ko baƙin ido ya yi hazo, ko tsakar dare ne ku koma likita.

Bayan ya warke ki ƙara mishi abinci sau ɗaya kan na kullum na tsawon makonni, ki riƙa kai shi awo, ƙaramin zazzaɓi ma kar ki raina. Ƙannenshi kuma ki duba karnensu yau, allurar rigakafin ƙyanda ta farko a wata 9 ta biyu cikin shekara ta biyu, kyauta ne, tana nuna wa sojojin jiki birus ɗin da aka raunana su haddace kamanninta. Wanda lokacinshi ya wuce ma ki kai shi, za a yi mishi.