Aya ɗaya a mako, a aje ta inda ake tuntuɓe

Assalamu alaikum 'yan uwa na Damagaram. Da yawanmu mun yi sauka tun muna yara, amma in an shiga kasuwa sai zuciya ta yi rauni. Ga shawarata: kowace Juma'a ka zaɓi aya ɗaya tak wadda ta taɓa ainihin inda kake da rauni, ka zauna da ita har mako ya zagayo.

Mai awon hatsi a kasuwar Dole ya ɗauki farkon Suratul Muɗaffifin, aya 1 zuwa 3, ya rubuta a takarda ya liƙa kusa da tiyarsa, inda idonsa zai faɗa kanta lokacin da hannu ke son rage tozon gero. Wanda gulma ta fi ƙarfinsa a wurin shan shayi, aya ta 12 ta Suratul Hujurat ce tasa. Ya sa ta a fuskar salularsa.

Kada ka fassara da ka. Bayan Magariba ka tsaya wurin malamin unguwarku, a Birni kake ko a Zango, ka ce: "Allah gafarta Malam, a warware mini wannan." An ruwaito cewa sahabbai ba sa wuce ayoyi 10 sai sun san abin da ke cikinsu, sun kuma yi aiki da shi.

Kafin ka kwanta ka tambayi kanka ko yau ka kiyaye ta. In ka kasa, ka yi istigfari, kada ka sauya aya, ka ƙara mata wani mako.