Yadda ake haɗa ƙaramin jirgin yaƙin Hurricane na roba a yi masa fentin sahara

In za ka fara wannan aiki a nan Jidda, shawarata ka fara da Hawker Hurricane. Daga watan Satumba na 1940 Turawan Ingila suka riƙa kawo jiragen nan a akwatuna zuwa Takoradi da ke Ghana ta yau, a haɗa su, sannan su tashi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy (N'Djamena ta yau), Al-Fashir da Khartoum har Masar. Kusan hanyar da kakanninmu suka bi da ƙafa zuwa aikin hajji ke nan.

Nemi kwali mai ma'aunin 1/72, wanda aka rubuta Trop a jikinsa, domin shi ne mai matatar iska a ƙarƙashin hanci, wadda aka ƙara saboda rairayi. Faɗin fikafikan jirgin na gaske ya ɗan haura mita 12, naka zai fito wajen santimita 17. Ka tanadi ƙaramar filaya mai kaifi, reza, sanfefa mai laushi, gam na roba mai ruwa-ruwa irin Tamiya Extra Thin, tef na takarda, buroshi biyu, da fentin da ake sirkawa da ruwa.

Wanke robar da sabulun wanke-wanke, ta bushe. Yanke kowane ɓangare daga jikin firam ɗin robar da yake manne da shi da filaya, kada ka murɗe shi da hannu, sannan ka kankare gurbin yankan.

Daga ciki ake farawa. Kujerar matuƙi da bangon wurin zamansa ka shafa musu kore mai toka-toka, allon agogai kuma baƙi. Da zarar ka rufe gangar jiki, buroshi ba zai ƙara shiga ba. Kafin ka sa gam a komai, haɗa shi a bushe ka ga zamansa. In ya zauna, riƙe ɓarin biyu, ka taɓa bakin haɗin da ɗan buroshin gam, shi da kansa zai bi layin. Gam ɗin narkar da roba yake yi, don haka ɗigo ɗaya a kan yatsa ya isa ya bar zanen yatsanka a fuffuke har abada. Bar shi ya kwana, washegari ka goge layin haɗin da sanfefa. Tayoyi, farfela da eriya ajiye su gefe, su ne na ƙarshe.

Gilashin matuƙi kuwa da farin gam na kafintoci ake liƙa shi, domin sufa-gulu na sa shi hazo. Rufe shi da tef kafin fenti.

Fenti shi ne inda aiki ke kyau ko ya lalace. Launukan sahara uku ne: shuɗi mai haske a ƙasan jirgin, sai ruwan rairayi da ruwan ƙasa mai duhu a sama. A kwalaben za ka ga Azure Blue, Middle Stone da Dark Earth. Bayan shimfiɗa ta farko mai ruwan toka, fara da shuɗin, bi da ruwan rairayi, mai duhun ya zo ƙarshe bisa zanen da ke takardar kwalin. Sirka fentin ya yi kamar madara, ka yi shafa uku marasa kauri. Shafar farko za ta yi muni, kada ta tsorata ka har ka ƙara kauri, kauri ne ke cike siraran layukan jikin jirgin. Iskar na'urar sanyaya ɗaki tana busar da fenti tun yana kan buroshi, saboda haka kauce wa gabanta, ka riƙa ɗibar kaɗan-kaɗan. Bayan kowace shafa kife roba mai tsabta a kansa, ƙurar garin nan ba ta jira.

Tambarin soja, wanda ke zuwa a kan takarda cikin kwalin, ba ya kwanciya a kan fenti marar sheƙi, iska na maƙalewa a ƙarƙashinsa ya yi fari-fari. Shafa banish mai sheƙi tukuna, tsoma tambarin a ruwa mai ɗumi kamar daƙiƙa 15, zame shi zuwa wurinsa, ka danne da auduga. In duk sun bushe, rufe da banish marar sheƙi.

Nan ne nake roƙonka ka kula. Mutane da yawa suna ɗiga ruwan azurfa ko'ina don jirgin ya yi kamar ya ga yaƙi. Amma bayan gangar Hurricane, daga wurin matuƙi zuwa wutsiya, yadi ne aka ɗame a kan ƙarafa da katako, kuma yadi ba ya nuna ƙarfe in ya koɗe. Azurfar ta tsaya a murfin inji da gindin fuffuke inda takalma ke takawa. Baƙin hayaƙi a bayan salansa, ɗan garin alli mai ruwan ƙasa a tayoyi, ya wadatar.

Sai ka liƙa tayoyi da farfela, ka ɓare tef ɗin gilashi a hankali. Ajiye shi cikin akwatin gilashi nesa da taga, kuma kada ka bar shi a mota ko na awa ɗaya, zafin rana zai lanƙwasa fikafikan.