Yadda ake yi wa tsohon fim ɗin Foland fassarar Hausa

Tsofaffin fina-finan Foland masu labarin dattijon da ya yi ritaya, duniya ta fara juya masa baya, ba irin na Indiya ba ne da aka saba fassarawa zuwa Hausa. Ba rawa, ba dambe, abin dariyar ma a cikin shiru yake. Mai fassarar da ya cika kowane gurbi da surutu ya kashe fim ɗin.

Da farko ka daidaita rubutun SRT, wato fayil ɗin rubutun fassara da ke fitowa a ƙasan allo, da hoton. In ka ga sun fara tare amma rubutun na ta zamewa, gudun hoton ne ya bambanta: ɗaya hoto 25 a daƙiƙa, ɗaya 23.976. Bambancin kan kai kusan minti biyu da rabi a awa guda, sai a gyara shi a manhajar gyaran rubutun fim ta Subtitle Edit. In kuwa tazarar ba ta canzawa daga farko har ƙarshe, maɓallan G da H na manhajar kallon bidiyo ta VLC sun wadatar. Ka adana aikinka a tsarin adana haruffa na UTF-8, in ba haka ba ɓ, ɗ da ƙ za su koma alamar tambaya. Layi biyu kacal a allo, kowanne kada ya wuce haruffa 42.

Sunaye kan ba da wahala wajen ɗora murya. Harafin ł ana furta shi kamar w, sz kamar sh, cz kamar c ta Hausa, j kuma kamar y.

Inda aikin yake shi ne girmamawa. Mutanen Foland na kiran wanda ba su saba da shi ba "pan", mace "pani", sai an shaƙu ake cewa "ty", wato kai ko ke. Fassarar Turanci takan haɗiye wannan bambanci, don haka ka kasa kunne ga muryar asali. "Pan" ya zama Malam, ko Baba in yaro ne ke magana da tsohon. Ranar da wani matashi a ofis ya ce masa "ty" ba da izini ba, raini ne, sai ka sa ya kira shi da gundarin sunansa, ɗan kallo a Argungu zai ji zafin nan take.

Dogon layi a ƙofar kanti a cikin fim ɗin yana buƙatar jimla ɗaya ta bayani: mulkin gurguzu bai kau ba sai 1989, kuma sai da katin rabo ake sayen sukari daga 1976, nama daga 1981.

Wajen haɗa sauti, rage muryar asali kawai, kada ka goge ta, domin a yawancin tsofaffin kwafi magana da kiɗa da tarin tsohon duk a layin sauti ɗaya suke. Hoton kuma in bai kai faɗin allo ba, a bar baƙin gefen yadda yake, jan shi ya cika allo kumbura fuskoki yake yi.